Masu gidajen haya a Zariya: yaya kuka ƙare da ɗan haya mai kiwo?

Malam, Hayin Dogo: Assalamu alaikum. Wani ɗan hayana ya kafa akurki a bayan banɗaki, dab da rijiya, ya zuba kajin gidan gona. Suna 'yan tsaki ba wanda ya tanka. Yanzu damina ta zauna, warin kashin kaji ya hana mata zaman tsakar gida, ƙuda kuwa ba a magana. Na same shi, ya ce ai takardar haya ba ta hana kiwo ba. Ga shi bai taɓa jinkirta kuɗin haya ba. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya ba mu labari.

Hajiya, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Malam. Ni da rago aka fara mini, wai na layya ne, daga Sallah shi ke nan. Aka yanka shi, turken bai huce ba sai ga tumaki biyu. Ranar da suka tsinke igiya suka cinye garin masarar da maƙwabciyarsa ta shanya a tabarma, har da gefen zaninta, sai da aka kai ga mai unguwa. Ya biya garin, ya kwashe su zuwa gidan yayansa a Dakace. Yanzu ko tattabara ce sai an rubuta.

Mai kaji, Shika: Malam, idan buroila ne, wato kajin nama, cikin mako 6 zuwa 8 ake sayar da su. Ka bari ya fitar da wannan zubin, ku rubuta cewa babu na biyu. Kafin nan ya riƙa canza diddigar katakon da ake shimfiɗa musu da zarar ta jiƙe, ya kuma janye akurkin daga rijiya. Kashin ma kuɗi ne, manoman masara na saye buhu-buhu.

Alhaji, Sabon Gari: Nawa kare ne, sauran 'yan haya suka ce ko su ko shi. Na kafa sharaɗi: sarƙa da rana, kwanon abincinsa nesa da wurin alwala, kuma duk shekara in ga katin allurar haukan kare. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru yake kai shi. Abin dariya, tun da ɓarayin injin ruwa suka daina hauro mana katanga, mai ƙorafin farko shi ke ajiye masa ƙashi.

Lauya, Kongo: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Duk yadda ɗan haya ya ƙure ku, kada ku cire kwano, ku yanke wuta ko ku sa wa ƙofarsa kwaɗo, sai mai gaskiya ya koma mai laifi. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata 1. In ya ƙi tashi, a ba shi na kwana 7, sannan kotu.

Baba, Samaru: Lauya, faɗa da baki da sauƙi. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata 8 ya yi. Wani ɗalibi ya kulle mini ɗaki ya tafi, haya ta ƙare, wayarsa a kashe, ashe zomaye ya bar wa abokinsa amana a bayan taga. Abokin ma ya gudu. Jikokina suka yi ta yankan ciyawa. Na kira mai unguwa da shaidu, muka buɗe, muka rubuta kayansa har cokali.

Lauya, Kongo: Allah ya taimake ka, Baba, shaidun nan sun rufa maka asiri, amma da ya dawo ya ce kwamfutarsa ta ɓata, da an sha zaman kotu.

Baba, Samaru: Ya dawo kam, ɗana. Bai tambayi katifa ba, bai tambayi bashin haya ba. Zomaye ya fara ƙirgawa, wai ya ga sun haihu, ina rabonsa.