Shin titin Carrington na Victoria Island sunan Lord Carrington ne?

Sani Agege:
Assalamu alaikum. Ranar Talata na raka yayana ƙaramin ofishin jakadancin Amurka, muna tsaye a layi tun da asuba sai idona ya faɗa kan allon da aka rubuta Walter Carrington Crescent. Yaya ya dage cewa sunan Baturen nan ne Lord Carrington da suke ji a rediyo suna samari, har ya ce tsohon soja ne. Masana, don Allah a warware mana, domin har muka hau motar komawa gida ba mu daina gardama ba.

Malam Habibu Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, a gaya wa Yaya ya yi gaskiya a kan soja, amma ya haɗa mutum biyu. Walter Carrington jakadan Amurka ne a Najeriya daga 1993 zuwa 1997, zamanin Abacha. Shi kuwa Lord Carrington, Peter Carington, ɗan gidan sarauta ne na Ingila da aka haifa a 1919, ya yi karatu a makarantar Eton da makarantar hafsoshi ta Sandhurst, kuma ya gaji sarautar mahaifinsa a 1938 tun bai cika shekara ashirin ba. Ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar Grenadier Guards, kuma a watan Satumba na 1944 yana cikin masu tankokin da suka ƙetare gadar Nijmegen a ƙasar Holan, aka kuma ba shi lambar jarumta ta Military Cross. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, duk da ya riƙe ministan tsaron Birtaniya daga 1970 zuwa 1974, bai taɓa zama a majalisar zaɓaɓɓu ba, daga majalisar iyayen ƙasa ya yi siyasarsa.

Hajiya Rabi Obalende:
Malam Habibu, ka bar abin da ya shafe mu. Lord Carrington yana ministan harkokin wajen Birtaniya ne a 1979 lokacin da gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP, ana gab da taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Lusaka, kuma ransa ya ɓaci matuƙa. Bayan watanni kaɗan shi ne ya jagoranci zaman sulhu na Lancaster House a Landan da ya kai Zimbabuwe ga samun 'yanci a 1980. Ni dai abin da nake girmama shi a kai shi ne murabus da ya yi kwana uku bayan Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland da ke ƙarƙashin Birtaniya a Afrilun 1982, ya ɗauki laifin ma'aikatarsa a kansa ba tare da nuna wa kowa yatsa ba.

Baba Tanko, tsohon soja, Ikeja:
Hajiya, batun murabus na yarda. Sai dai maganar gadar nan tana da saura. Sojojin lema na Amurka da suka ƙetare kogin Waal, wanda gadar ke kansa, a ƙananan jiragen ruwa, aka kashe musu mutane da yawa, sun fusata ganin tankokin sun tsaya a bakin gada alhali abokan gaba sun kewaye 'yan'uwansu na Birtaniya a garin Arnhem. Ni da na sa kaki ba zan zargi Lord Carrington ba, domin ƙaramin hafsa ba ya tura tankoki kaɗan cikin dare a kan siririyar hanya guda, babu sojan ƙasa, babu umarni daga sama. Sani, ɗana, ka ce wa Yayanka daga baya Lord Carrington ya zama babban sakataren ƙungiyar tsaro ta NATO daga 1984 zuwa 1988, wataƙila a lokacin ne ya riƙa jin sunansa.