Wane gindi zan yi wa tanjarin aure a kai?

Manomi daga Gboko:
Assalamu alaikum. Ina da fili a gefen rafi, ƙasar laka ce, ruwa kan kwanta a Agusta. Tanjarin nake so in dasa. Mai renon dashe ya ce in ɗauki wanda aka yi wa aure a kan gindin raf-lemon, wani irin lemon tsami mai kaushin ɓawo, wai ya fi saurin girma. Me kuka gani?

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, saurin gaskiya ne, amma a laka mai riƙe ruwa raf-lemon ba ya jure ruɓewar gindi, za ka ga ƙaro na tsattsafowa daga ɓawon, bishiya ta bushe tana tsaye. 'Ya'yan tanjarin da ke kansa kuma ɓawo da kauri, zaƙi kaɗan. Ni gindin Kiliyofatara zan zaɓa, wani irin tanjarin ce. Tana jinkirin fara haihuwa, 'ya'yan ƙanana, sai dai akwai zaƙi, kuma tana jure tiristeza, cutar bairos da ke kashe bishiyar lemo. Ita ma ba ta son kwanciyar ruwa, don haka ka tada kunya, wurin auren ya yi nesa da ƙasa.

Malama Mai Binciken Noma:
Ƙari a kan maganar Baba: ka guji gindin lemo mai ɗaci. Tiristeza ta kashe miliyoyin bishiyoyin da ke kansa a Brazil da Ajantina a shekarun 1930 da 1940. A Japan, inda ake da ruwan sama da sanyin hunturu, gindin tirifoliyata, wani dangin lemo mai ganye uku-uku, suke amfani da shi wa tanjarin ɗinsu mai suna satsuma, yana jure laka da ruɓewa. Amma ɗan ƙasar sanyi ne, zafin Binuwai, inda Gboko take, ba nasa ba ne.

Manomi daga Gboko:
Na gode, Baba, na gode Malama. Kunyar, tsayinta ya kai gwiwa?