Neman kalma: me za mu kira "journaling" da Hausa?

Jama'a, a kawo mini ɗauki. An ba ni fassarar wata 'yar takarda kan lafiyar ƙwaƙwalwa da za a raba wa ɗalibai a nan Bauchi. Komai ya tafi sumul har na ci karo da kalmar nan ta sama, yau kwana uku tana hana ni sakat. Abin da ake nufi shi ne mutum ya ware littafi, ya riƙa keɓewa yana rubuta abin da ke cinsa a rai, ko abin da ya faranta masa a yinin, ko abin da idonsa ya gane masa a waje. Ba don wani ya karanta ba.

Na'urar fassara ta ce mini "aikin jarida". Ban ga laifinta sosai ba, don tushensu ɗaya a can, daga kalmar Faransanci mai nufin yini. Amma ka ce wa yarinyar da damuwa ta yi wa katutu ta je ta yi aikin jarida, ai sai ta shiga neman makirufo.

Da yawanku za ku ce dayari. Na sani, shi bakinmu ya saba da shi. Sai dai dayari a wurinmu shi ne mai baƙin bangon nan da ake rabawa a watan Janairu, wanda ƙarshensa lambobin waya da lissafin bashi. Leƙa na kowane mai shago a Wunti ko Muda Lawal: buhu biyu, an ba da rabi, saura dubu huɗu. Ko na manya ma haka yake. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar nasa da Larabci daga 1912 zuwa 1927, kuma galibinsa jerin abin da ya faru ne, hari da bayi da kyaututtuka da ciniki. Dayari yana gaya maka abin da aka yi. Mu kuwa muna neman sunan wurin da mutum ke faɗin yadda abin ya yi masa.

Da farko na rubuta "rubutun samun natsuwa", har ina jin na gama. Al'adata ce duk abin da na fassara sai na karanta wa Inna, in ta gane to kowa zai gane. Na same ta tana tsince wake a faranti, na karanta mata: mai fama da yawan tunani ya lazimci rubutun samun natsuwa kullum kafin ya kwanta. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ai gaskiya ne. Amma su sa a yi da za'afaran, ya fi na tawada daɗin sha." Na ce, "Inna, ba na sha ba ne." Ta ce, "To na shafawa ne?"

Nan na soke shi. Duk inda ka haɗa rubutu da lafiya a jimla ɗaya, kunnen Bahaushe allo zai jiyo.

Ga dalilin da ya sa na nace sai an samu kalmar da ta dace. Abin nan ƙafa biyu gare shi. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su yi minti 15 suna rubutu kwana huɗu a jere, wasu kan abin da ya taɓa ƙona musu rai, wasu kan abin da bai taka kara ya karya ba. A watannin da suka biyo baya, na farkon sun fi ƙarancin zuwa asibitin makaranta. A 2003 kuma Robert Emmons da Michael McCullough suka sa wasu su riƙa lissafa abu biyar da suke godiya a kai duk mako, wasu kuma abu biyar da suka dame su, masu godiyar suka fi jin daɗin rayuwarsu. Wato ɗaya amayar da ciki ne, ɗaya ƙirga ni'ima. Ni dai ban ɗauke shi maganin ciwon damuwa ba, wanda abin ya yi wa nisa likita zai gani. Amma kalmar dole ta ɗauki ƙafafun biyu.

Ƙari, bayan la'asar:

Na gode da amsoshi. Wani malami daga Azare ya ce muhasaba, ya kawo maganar Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, da aya ta 7 a Suratu Ibrahim kan cewa godiya na jawo ƙari. Allah gafarta Malam, kalmar tana da nauyi kuma na so ta. Matsalata biyu. Muhasaba ta fi karkata ga binciken laifin kai, kuma ana yin ta ko babu alƙalami. Sannan takardar nan za ta shiga hannun ɗalibai daga Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Billiri, waɗanda Hausa ce bakinsu amma ba a zauren karatu suka taso ba.

Wata 'yar'uwa daga Kumo ta ce "zancen zuci a takarda". Yaya, kin kusa. Sai dai zancen zuci shi ne ma ciwon da ake gudu, saƙa da warwarar da ke hana barci. Na dai karɓi "zuci" ɗin, na ajiye.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne mai cewa, "Kundi fa?" Sai na tuna na kakanmu. Yana nan a gafakarsa har yau, takardu ne warwatse tsakanin kwali biyu, an ɗaure da tsinkin fata, gefensu duk ya yi ja. Da muna yara an hana mu taɓawa, mu a zatonmu asirai ne zalla. Da na girma na iya ajami na buɗe, akwai addu'o'i da laƙani, gaskiya ne. Amma a gefe-gefe, da ƙananan baƙaƙe, ga ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar ƙofar gida, ga ranar ruwan shuka, ga shekarar da gawon gona ya makara bai fitar da ganye ba har tsakiyar hunturu. A wani shafin ya rubuta rasuwar ɗansa na fari, layi ɗaya, a ƙarƙashi ya sa hamdala sau uku. Tawadar wurin ta baje. Ban san ko ruwa ne ya ɗiga ba.

Baƙin ciki, godiya, lura da tsuntsu da itace, duk a ɗauri ɗaya. Ashe tsohon yana yin abin tun kafin a ba shi suna a Amurka.

An yi mini ƙorafi cewa kundi ya yi girma, ana cewa kundin tsarin mulki, kundin digiri. Haka ne, amma waɗannan aro suka yi daga na malamai, ba shi ya ara daga gare su ba. Wani kuma ya ce kalmar tana warin asiri. Ni wannan warin nake so. Kowa ya san ba a buɗe kundin mutum sai da izininsa, ka ga ba sai na ƙara jimlar "kada a bari wani ya karanta" ba.

Saboda haka ga abin da zan sa: littafin, kundin zuci. Aikin, rubuta kundin zuci. Na ƙirga ni'ima, kundin godiya. Mai shawarar "kundantawa", ka yi haƙuri, na gwada furta ta sau uku harshena ya ƙi.

Saura kundin fita waje, irin wanda mutum zai zauna a bakin ruwan Wikki a Yankari ko gindin Dutsen Bima yana rubuta abin da ya gani. "Kundin dawa" ya faɗo mini, amma a rubuce ba ka bambance dawar daji da dawar tuwo. Na sa "kundin lura" da fensir tukuna, mai abin da ya fi shi ya kawo kafin Alhamis, ranar zan miƙa aikin.

Na koma wurin Inna da magariba na karanta mata sabon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Irin na Malam ke nan." Na ce shi. Ta ce in zan shiga kasuwa gobe in sayo mata littafi mai shafi arba'in, amma ni zan riƙa rubuta mata, kuma in ta ji maganarta a bakin matata ba ta yafe ba.