Geji biyu, lamba biyu: yaya ake auna iskar tayar keke napep daidai?

Ɗan Kwangila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Keke ce Bajaj, taya 4.00-8, tana jigila tsakanin Kwangila da Samaru. Da safe mai faci ya auna tayar baya da geji (ma'aunin iskar taya) ya ce psi 34, wato ƙarfin iskar da ke ciki. Da la'asar wani ya auna ya ce 39, har yana son ya rage, alhali ba a ƙara iska a tsakani ba. Wa ke da gaskiya? Kuma nawa ya kamata a sa wa gaba da baya?

Mai Faci Sabon Gari:
Wa alaikumus salam malam. Su biyun duka suna iya zama da gaskiya. Taya in ta sha kwalta ta ɗauki zafi, iskar ciki tana kumbura, geji ya nuna ƙarin 3 zuwa 5. Shi ya sa ake awo da sassafe kafin a fita, ko bayan keke ta huta kamar awa 3 a inuwa. Wanda ya so ya rage maka da la'asar shi ne ya kusa yi maka ɓarna. In ka sauke ta daga 39 zuwa 34 tana da zafi, gobe da asuba 29 ko 30 za ka tarar, kana ɗaukar fasinja da taya mai laushi ba ka sani ba.

Lambar da kamfani ke bayarwa ga Bajaj da TVS masu wannan taya ita ce 30 a gaba, 34 a baya. Duba littafin kekenka ka tabbatar. Kada ka bi lambar da ke rubuce a gefen taya, wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce.

Bakanike Tudun Wada:
Oga ya faɗi gaskiya, amma in ƙara da maganar gejin kansa, don nan ne yawancin matsalar take. Gejin da ke jikin tiyon kwamfuresa kullum a ƙasa yake, ana ja ana takawa. Wasu kuma na manyan motoci ne masu kai wa 160, a kansu tsakanin 30 da 34 ɗan tsinke ne, ido ba ya rabewa. Sayi naka wanda ya tsaya a 60, mai allura ko mai batir, ka ajiye shi inda ba zai riƙa buguwa ba. In allurar ba ta komawa kan sifili, ya tashi aiki. Ka lura da layin da kake karantawa ma: wasu suna da psi da bar tare, bar 1 daidai yake da psi 14.5, wato psi 30 tana wajen bar 2.1.

Wajen awon, cire murfin bawul (wurin da ake sa wa taya iska) ka hure ƙurar bakinsa tukuna. Ɗora gejin a miƙe, ka danna da ƙarfi sau ɗaya. In ka ji "fsss" to bai zauna ba, iska tana gudu ta gefe, lambar da ya ba ka ƙarya ce. Bawul ɗin keke gajere ne kuma a matse yake cikin rim, don haka tura keken kaɗan har ya zo inda hannu zai shiga sosai. Auna sau biyu, in lambar ta maimaita kanta ka yarda. Bayan ka gama ka ɗiga miyau ko ruwan sabulu a bakin bawul. Kumfa na tashi, to allurar cikin bawul ɗin ta saki, a ɗaure ta ko a canza, kuɗinta bai kai na kofin shayi ba.

Dukan taya da ƙafa ko da sifana kuwa, a bar shi. Gefen wannan taya kauri gare shi, tana iya rasa 8 tana nan tsaye kamar ba abin da ya same ta.

Ɗan Kwangila:
Na gode ƙwarai. In baya ɗaya ta fi ɗaya fa, da matsala? Ta dama ce ke yawan sauka.

Mai Faci Sabon Gari:
Da matsala babba. Na baya biyun dole su zo ɗaya, ko bambancin 1 kada ka bari in da hali. In ɗaya ta yi ƙasa, keke tana karkata can, kan keken yana ja, birki ma yana fizgarta gefe, a shataletale da mutum uku a baya kuwa ba abin wasa ba ne. Ta dama ita ke cin bakin titi da ramuka wajen sauke fasinja, shi ya sa ta fi shan wuya. Kuma kada ka auna ɗaya tana rana ɗaya tana inuwa, ba za su zo daidai ba.

Tayar da kanta tana faɗa maka. Gefe biyu sun cinye, tsakiya na nan: iska ta yi kaɗan. Tsakiya ta suɗe: ta yi yawa. Tiyub ya fito da huji biyu kusa da juna kamar saran maciji: rami aka faɗa da taya mai laushi, rim ya datse shi. In tana rasa fiye da 2 a mako, a ciro tiyub a tsoma a ruwa, a shafa cikin taya da hannu a nemi ƙusa ko waya.

Bakanike Tudun Wada:
Lokacin hunturu a auna sau biyu a mako, don sanyi yana sauke kusan 1 a duk digiri 5 ko 6, ƙura kuma tana shiga bawul marar murfi. Har da safaya, a ba ta 34 ko sama kaɗan, ragewa ya fi ƙarawa sauƙi a hanya. In za a ciro tiyub ɗin na dama, rim ɗin ɓari biyu ne da aka haɗa da notuna. A fitar da iska gaba ɗaya kafin a taɓa notunan haɗin, in ba haka ba ɓarin rim yana iya tashi ya sami fuskar mai aikin.