An ga kumburin jijiya a ƙwaƙwalwar Hajiyarmu, sun ce ba sai an buɗe kai ba. Wa ya san wannan aikin?

Abban Walid:

Assalamu alaikum jama'a. Daga Alƙahira nake rubuto wannan, Hajiya na barci a ɗaki, ni kuma barcin ya ƙi zuwa. Shekarunta 58, tana fama da hawan jini tun haihuwar autanmu, kuma gaskiya maganin sai ta ga dama take sha. Watan jiya ciwon kai ya matsa mata, muka je aka ɗauki hoton kanta a Kano. Likitan ya ce ƙila ma ciwon kan daban, abin da ya gani daban, amma akwai wani ƙululu a jikin jijiyar jini can ƙasan ƙwaƙwalwa ta baya, daidai inda jijiya ɗaya ta rabu biyu. Wai sunansa aniyurizim. Ya kwatanta mana shi da tiyub ɗin keke da ya yi ƙwai a gefe: bai fashe ba, amma wurin ya yi laushi.

Da muka zo nan aka sake hoto, suka ce girmansa milimita 8, bakinsa kuma mai faɗi ne. Sun ce ba za su buɗe ƙoƙon kai ba, ta matsematsi ko ta wuyan hannu za su zura siririn bututu ya bi jijiya har wurin. Sun ba mu zaɓi biyu. Ko a cusa zaren ƙarfe mai murɗewa a cikin ƙululun a tokare shi da raga, ko a sa wani abu da suke kira WEB, kamar ɗan kwando. Yayana na cewa a yi kawai tunda ba yanka ba ne, ni kuwa "ba yanka ba ne" ɗin nan shi ke ba ni tsoro, don na ga kowa ya saki jiki. Kuma Hajiya na da olsa, ta taɓa amai da jini shekara uku da suka wuce, ban san ko wannan ya shafi maganar ba. Don Allah wanda ya sani ko ya taɓa gani ya yi mini bayani kafin ranar Lahadi.

Likita daga Manchesta:

Wa alaikumus salam Abban Walid, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ni ba likitanta ba ne kuma ban ga hotunan ba, don haka ka ɗauki maganata a matsayin abin da za ka yi tambaya da shi.

Tsoronka na kan hanya. Rashin yanka ba ya nufin rashin haɗari. Bututun nan cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa yake bi, gudan jini na iya tasowa ya toshe wata jijiya ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ƙululun kuma na iya fashewa ana cikin aikin. Ba kasafai ba, amma yana faruwa. Sai dai kafin a zo maganar wane ƙarfe za a sa, akwai tambayar da ta riga ta: idan aka bar shi fa? Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna yawo da irin wannan ƙululu, akasarinsu har su koma ga Allah bai taɓa su ba. Shi ya sa ƙanana da yawa ba a yi musu komai sai sa ido da gyara hawan jini. Na Hajiya ba ya cikin waɗannan. Wani babban bincike da aka buga a 2003, ana kiransa ISUIA, ya bi masu ƙululun da bai fashe ba. Masu girman milimita 7 zuwa 12 a jijiyoyin gaba, kashi 2.6 cikin 100 suka fashe a shekara biyar. Masu wannan girman a jijiyoyin baya kuwa, kashi 14.5. Ga hawan jini, ga shekarunta da sauran tafiya in Allah Ya yarda. Don haka ban yi mamaki da suka ce a yi aiki ba.

Wurin da ka kwatanta, ƙarshen jijiyar basila ke nan, yana da zurfi kuma kewaye yake da ƙananan jijiyoyi masu ciyar da tushen ƙwaƙwalwa. Tsohuwar hanya, wato a buɗe kai a ɗame wuyan ƙululun da ɗan matsi na ƙarfe, wadda Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937, har yau tana aiki kuma tana da ƙarko, amma a wannan lungun tana da wuya ƙwarai. Kusan ko'ina ta cikin jijiya ake bi masa.

Zaren mai murɗewa na filatinam ne, wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990. Ana cika ƙululun da shi, jini ya daskare a ciki, ya daina shiga. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne binciken ISAT na 2002, mutum 2,143 waɗanda nasu ya riga ya fashe. Bayan shekara ɗaya, waɗanda suka rasu ko suka kasa kula da kansu kusan kashi 24 ne a ɓangaren zare, kusan kashi 31 a ɓangaren buɗe kai. Ka lura, wannan na waɗanda ya fashe ne, ba irin na Hajiya ba, ko da yake mutane na yawan jawo alƙaluman a inda ba wurinsu ba. Matsalar zare ita ce idan bakin ƙululun na da faɗi, zubowa yake cikin jijiya, dole a tokare shi da raga. Raga kuwa baƙon ƙarfe ne kwance a hanyar jini, sai an haɗa wa mutum magungunan hana daskarewar jini biyu, yawanci asfirin da kilofidogirel, na tsawon watanni.

Nan ne olsar Hajiya ta shigo, kuma ita ce magana mafi muhimmanci a duk abin da ka rubuta. Mai olsar da ta taɓa zubar da jini, magungunan nan biyu na iya tayar da ita. Idan kuma aka dakatar da su da wuri saboda zubar jinin, ragar na iya toshewa. Ka tabbata sun san wannan tarihin, kada ka ɗauka yana cikin takardu.

WEB an yi shi ne don irin wannan: ƙululu mai faɗin baki a mararrabar jijiya. Ƙwallon raga ne na nikel da taitaniyam da ake buɗewa a cikin ƙululun kansa, ba abin da ke zama a jijiyar, don haka yawanci ba a buƙatar doguwar shan magungunan biyu. Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2018 bayan gwaji a kan mutum 150. A kwana 30 na farko, mutum ɗaya ne ya sami babbar matsala. Amma bayan shekara, waɗanda ƙululunsu ya rufe ruf kusan kashi 54 ne, idan aka haɗa da waɗanda ɗan wuya kawai ya rage ya kai kusan 85. Wato ta fuskar aminci ya yi kyau, ta fuskar rufewa gaba ɗaya ba kowa ba, kuma bai kai zare daɗewa a hannun likitoci ba. Ka tambayi mai aikin kansa: guda nawa ya sa da hannunsa, nawa suka sami matsala, kuma me zai yi idan ya shiga ya ga siffar ƙululun ba ta karɓi WEB ba.

Maman Sadiƙ:

Allah Ya ba Hajiya lafiya, ɗan'uwa. Ni nawa ba ilimi ba ne, gani ne. Maigidana nasa fashewa ya yi, yana alwalar Magariba ya dafe ƙeya ya ce kamar an maka masa taɓarya. Mun yi zaton iska ce, har muka kwana a gida, Allah Ya yafe mana. An sa masa zaren nan a Indiya, ya yi mako uku ana ba shi wata ƙwaya duk bayan awa huɗu don kada jijiyoyin su tsuke. Ya tashi, yana tuƙi, yana zuwa kasuwa, sai dai saurin fushi da mantuwa da ba halinsa ba.

Abin da ba wanda ya nanata mana shi ne komawa hoto. Sun rubuta wata shida, mu kuma ganin ya warke, ga kuɗin jirgi, muka share. Sai bayan shekara biyu aka duba, ashe zaren ya danne, jini ya sake samun wuri a gindin. Aka sake shiga aka ƙara. Don haka kafin ku baro can ku tambaya wane irin hoto za a riƙa yi, yaushe, kuma ana iya yinsa a gida a tura musu ko sai an dawo. Ku karɓi faifan hotunan da takardar da ke ɗauke da sunan abin da aka sa mata, don duk mai ɗaukar hoton maganaɗisu, wato MRI, sai ya tambaya. Namu mun baro shi can, mun sha wahalar nemansa.

Ɗan Funtuwa:

Ni dai a ganina abin da bai dame ta ba a bar shi mana. Kakata ta kai 90 ba wanda ya leƙa kanta. Wani lokaci asibitocin waje kuɗi kawai suke hange.

Likita daga Manchesta:

Malam, da milimita 3 ne a jijiyar gaba da na ce maganarka na da ƙafa, kuma neman ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne ko kaɗan. Amma milimita 8 a basila, ga hawan jini, lissafin ya sha bamban. Abin da Maman Sadiƙ ta faɗa kuma sananne ne: kusan ɗaya cikin biyar na ƙululun da aka cika da zare yana sake buɗewa, kusan ɗaya cikin goma sai an sake aiki. Abban Walid, wani abu da na manta: idan a cikin iyayen Hajiya ko 'yan'uwanta na jini akwai wanda ya taɓa samun irin wannan, ka faɗa musu, don idan sun kai biyu a gida ɗaya akan shawarci sauran su yi hoto. Idan kuma kana shan taba, kai ma maganar ta shafe ka.

Abban Walid:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau da safe na faɗa musu maganar aman jinin, ashe ba ta cikin takardun da muka zo da su. Likitan ya ajiye biro ya sa aka kira likitan ciki, gobe za a zura mata kyamara a duba olsar kafin a tsayar da rana. Ya ce yanzu ya fi karkata ga WEB, amma zai ajiye zare a kusa. Na tambaye shi guda nawa ya yi, ya faɗa mini ba tare da ya ɓata rai ba. Hajiya kuwa tambayarta ɗaya ce, ko za ta iya yin sujada bayan aikin. Ya ce za ta iya. Tabar kuma, Likita, na ji.