Neman kalma: me za mu kira "affirmative action" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Mako biyu ke nan da na jefo wannan tambaya, kuma na yi alkawarin idan shawarwari sun taru zan dawo da matsaya. To ga ni, ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Ga waɗanda ba su ga mafari ba: ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a nan Gombe, ni ne kuma ke shirya yara gasar muhawara. Al'adata, sai yaro ya faɗa mini hujjarsa da Hausa kafin ya juya ta Turanci, domin abin da ba ka iya yi wa kakarka bayaninsa ba, haddace shi kawai ka yi. Da aka ba mu maudu'in "affirmative action", wata yarinya 'yar aji biyar daga Bolari ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi kansa abin mene ne sunansa da Hausa?" Na cika rabin allo da bayani. Ta karanta a nutse, ta ce, "Malam, na gane bayanin, amma suna nake nema." Tana da gaskiya.

Kalmomi biyu da ke tafiya tare da ita ba su ba mu wahala ba. "Racism" an daɗe da gamawa da ita, wariyar launin fata ce, kunnen Bahaushe ya saba da ita tun zamanin da rediyo ke kawo labarin Afirka ta Kudu, inda tsarin ya yi mulki daga 1948 zuwa 1994. A nan gida kuwa, da yake fatarmu ɗaya, cutar takan zo da sunan ƙabilanci ko ɓangaranci. "Stereotype" kuma kusan kowa ya ce kuɗin goro, na kuwa yarda. Asalin kalmar daga maɗaba'a take, farantin ƙarfe ne da ake zubawa sau ɗaya a yi ta buga shafi iri ɗaya da shi. Haka ake yi wa mutane: a Legas kowane ɗan Arewa "aboki" ne mai gadi ko mai wankin takalmi, mu kuma a nan mun fara kallon duk Bafulatanin da ya fito daga ruga da sanda a kafaɗa kamar mai laifi. Duka biyun kuɗin goro ne.

Ta ukun, wato "affirmative action", ita ce gagara-badau. Idan ka fassara ta kalma da kalma za ka samu "tabbataccen mataki", wanda ba ya gaya wa kowa komai. Ko a Turancin ma haka take, suna ne da bai bayyana abin da ke cikinsa ba. Ta yi fice ne daga wani umarni da shugaban Amurka John Kennedy ya sa wa hannu a watan Maris na 1961, inda ya ce kamfanonin da ke karɓar kwangilar gwamnati su tashi tsaye su tabbatar ba a nuna wa mai neman aiki bambancin launi, addini ko asali ba. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta koma ɗaukar mataki da gangan don shigo da mutanen da aka daɗe da rufe wa ƙofa cikin makarantu da wuraren aiki. A 1965, a Jami'ar Howard, shugaba Lyndon Johnson ya kawo misalin da har yau ake maimaitawa: mutumin da ya shekara da shekaru a ɗaure da mari, ba za ka kwance shi yau ka kai shi layin tsere ka ce ya kara da kowa, sannan ka ce ka yi adalci ba. Ku riƙe wannan misali na tsere, za mu dawo kansa.

Yanzu shawarwarinku. Wadda ta fi yawan masoya ita ce "alfarma", ita ce kuma na fi ƙi. Alfarma a bakinmu abu ne da ake nema a ƙofar babban mutum, da ɗan katin da ya rubuta a bayansa, a yi wa mutum ɗaya a ɓoye, ya yi ta godiya. Abin da muke magana a kai doka ce a fili, ga rukunin jama'a, ba sai ka san kowa ba. Ina da wani dalilin kuma na cikin gida. Ɗan yayata ya yi karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Kudu. Da makinsa ya shiga, makin da ya wuce na da yawa daga 'yan ajinsa, amma da suka ji daga Gombe yake sai suka laƙaba masa "ɗan kota". Ya taɓa nuna mini takardar sakamakonsa ta JAMB da ya linke ya ajiye a cikin walat, har ta fara yagewa a wajen linkin. Ya ce, "Kawu, saboda su nake yawo da ita." Idan muka kira tsarin alfarma, da bakinmu mun buga wa irinsa tambarin da ba zai goge ba.

"Fifiko" kalmar masu adawa ce, ta yanke hukunci tun ba a shiga kotu ba. "Diyya" da "ramuwa" na magoya baya ne, su ma sun yanke nasu. Diyya za ta zauna a kan baƙar fatar Amurka da aka bautar da kakanninsu, amma ba ta zauna a kan kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati da dokar masu buƙata ta musamman ta ware musu a Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. "Tallafi" kuwa, tun da aka cire na man fetur a 2023, da ka faɗa sai hankali ya tafi kan buhun shinkafa. "Kaso" ko kota hanya ɗaya ce kawai daga hanyoyin. Shaida: a 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta soke ware kujeru 16 cikin 100 da wata makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya ke yi, amma ta bar jami'o'i su ci gaba da duba launin mai nema a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan lura. Kota ta faɗi, tsarin ya rayu wasu shekaru 45.

Wadda ta tsayar da ni sosai ita ce "raba-daidai". Da yawa kun ce ai muna da kalma, ga ma hukumarta a Abuja. Haka ne, hukumar raba-daidai an kafa ta a 1996, shekarar da aka yanke Gombe daga Bauchi, kuma sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce kada wasu 'yan jihohi ko ƙabilu su mamaye gwamnatin tarayya. Shi ya sa dole kowace jiha ta samu minista. Amma ku duba da kyau. Raba-daidai ba ta tambayar wa ke gaba wa ke baya. Legas na da kasonta, Gombe na da nata, ko da a ce gobe kowa ya zama farfesa za a ci gaba da rabon, don kowa ya ga nasa a teburi. Rabon naman Sallah ne tsakanin ɗakuna. Abin da muke nema wa suna kuwa yana farawa ne daga cewa wani yana baya, kuma ba don lalacinsa ba. Misalinsa a gida shi ne ƙa'idar shiga jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta, kashi 35 jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda Bauchi da Gombe ke cikinsu. Wannan kashi 20 ɗin ba raba-daidai ba ne. Haka ma kashi 35 na muƙamai da manufar ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata. Idan muka haɗe su a suna ɗaya, muhawararmu za ta ci gaba da zama ta kurame.

Wani dattijo, tsohon hedimasta daga Kumo, ya ba da "cike-giɓi". Baba, Allah ya ƙara girma, taka ce ta zo ta biyu, kuma da kyar na bar ta. Matsalarta kunne: ta yi kusa da zaɓen cike gurbi, ga kuma giɓin kasafin kuɗi da muke ji kullum a labarai. Sannan giɓi rami ne a tsaye, alhali abin da muke magana a kai tafiya ce, na gaba bai tsaya jiran kowa ba.

Wannan ya mayar da ni ga tsere, daga nan na samu kalmar da na tsaya a kanta: rage-rata.

Rata kowa ya san ta. Ɗan takara ya ba abokin hamayyarsa rata, doki ya ba doki rata a sukuwa, ƙungiyar ƙwallo ta ba ta biyu ratar maki. Ni kuma na fi saninta a gona. Muna yara a wajen Dukku, idan aka yi gayya kowa ya kama kunyarsa, ba a rasa wanda tasa ta bi ta wuri mai tauri ko mai ciyawar ƙiri-ƙiri. Za ka ga gumi na zuba daga haɓarsa, hauyarsa na ta ƙara, amma an bar shi can baya. Waɗanda suka fita sai ɗaya ya juyo ya kama kunyar daga ɗaya ƙarshen, su haɗu a tsakiya. Ba wanda ya nome masa duka, ba kuma wanda ya kira shi rago, don kowa ya ga ƙasar da ta faɗo masa. Tamu ƙasar mai tauri tarihi ya san ta: sakandare ta farko a Legas ta buɗe a 1859, Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, sai 1921. Muna da allo da ajami tun kafin nan, amma a boko, wanda da shi ake ɗaukar aikin gwamnati, an ba mu ratar fiye da shekara 60.

Abin da ya fi gamsar da ni game da kalmar shi ne kowane ɓangare zai iya furta ta ba tare da ya ci amanar ra'ayinsa ba. Mai goyon baya ya ce a ci gaba da rage-rata, mai adawa ya ce rage-rata na danne cancanta, duka sun yi Hausa mai kyau. Masu adawar kuma suna da hujjar da ba ta wasa ba. Ƙarar da ta kai Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launi wajen shiga jami'a a Yunin 2023 an gina ta ne kan cewa Jami'ar Harvard na tauye ɗalibai 'yan asalin Asiya, waɗanda ba su bautar da kowa ba. Yaron Anambra da ya ci maki mai yawa ya rasa gurbi a makarantar haɗin kan ƙasa, ya ga wanda bai kai shi ba ya shiga, zafin da yake ji na gaske ne.

Sannan kalmar tana ɗauke da alƙawarin ƙarewa. Rata abu ne da ake aunawa, ran da ta ƙare babu sauran abin ragewa. Ko mai shari'a Sandra O'Connor ta Kotun Ƙolin Amurka, da ta goyi bayan tsarin a 2003, ta ce tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙace shi ba. A nan ne nake so sunan ya riƙa tsikarinmu, mu 'yan Arewa. Shekaru nawa ana rage mana maki a ƙofa, ratar nawa ta ragu? Kuma wa ke cin gurbin? Na sha ganin ɗan babban mutum da ya tashi a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, sai lokacin neman jami'a a aiko a karɓa masa takardar shaidar ƙaramar hukumar Nafaɗa ko Funakaye, garin da ba ya zuwa sai ta'aziyya. Yarinyar da aka yi tsarin dominta tana can zaune a ƙasa a ajin da iska ta yaye wa kwano, ko jarrabawar ma ba za ta kai gare ta ba. Indiya ta fuskanci irin wannan. Tana ware kashi 27 na guraben gwamnati ga wasu rukunan da aka bari a baya, amma a 1992 Kotun Ƙolinta ta ce a cire masu hali daga cikinsu, waɗanda ake kwatantawa da maiƙon da ke tasowa saman madara. Wanda babu rata tsakaninsa da na gaba, da wace hujja zai ci gurbin rage-rata? Da alfarma muka kira abin, wannan tambaya ba za ta taso ba.

Gyara mafi nauyi ya zo daga wata malama 'yar Kaltungo. Ta ce, "Malam, ratar wa, a kan me?" Ta tuna mini cewa ƙasar Tangale ta samu makarantun mishan da wuri, don haka a boko ba su ne a baya ba a jihar nan, amma tun 1999 Gombe ta Kudu ba ta taɓa fitar da gwamna ba, mataimaki take bayarwa. Malama, na karɓa hannu biyu. Rata ba ɗaya ba ce, mutum na iya zama gaba a nan, baya a can. Saboda haka duk mai amfani da kalmar ya faɗi fagen: rage-rata a ilimi, rage-rata a muƙamai, rage-rata tsakanin maza da mata.

Wajen rubutu, a sa karan ɗori a tsakiya kamar raba-daidai, a kuma jingina ta da tsari ko manufa: "Kotun Ƙolin Amurka ta soke tsarin rage-rata a jami'o'i." "Mata na neman a aiwatar da manufar rage-rata ta kashi 35." Roƙona ɗaya, kada a ƙirƙiro "ɗan rage-rata" a matsayin sunan mutum, don zai zama wani "ɗan kota" ne da sabuwar riga.

Jiya na kai kalmar aji. Yarinyar Bolari ƙuri'a ta jefa ta ɓangaren masu adawa. Ta miƙe ta ce a kai rage-rata firamaren ƙauye, inda ratar ke farawa, maimakon ƙofar jami'a, inda an riga an gama tseren. Ba ta yi tuntuɓe da kalmar ba, 'yan ajin ma ba wanda ya tambayi ma'anarta. Gasar ranar Asabar ce. Kafin nan akwai sauran guda da ban samu ba: wancan kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, har yanzu "maƙwabtan jami'a" nake cewa, kuma bai kwanta mini ba, tunda wasu jihohin da ake lissafawa ba su haɗa iyaka da ita ba. Mai kalmar da ta fi ta, ya kawo.