Miskilin jarumi a fim: gwaninta ce ko girman kai muke yaba wa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga magana na kawo, kuma a kanta na tsaya: jarumin da bai cika magana ba ya fi mai surutu shiga ran mai kallo, kuma shi ya fi wuyar fitarwa ga ɗan wasa. Mai surutu marubuci ya riga ya yi masa rabin aiki. Miskili kuwa da idonsa da yanayin zamansa zai isar da saƙo. Shi ya sa finafinanmu da yawa ba sa zama a raina. Kowa sai ya amayar da duk abin da ke cikinsa, ba a bar wa mai kallo komai ya gano da kansa.

Kawu na Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ɗana, ina bayanka. Mu da muka yi zamanin gidajen sinima na Plaza da Orion da El Dorado a Kano mun san wannan. Ku duba fim ɗin Indiya Sholay na 1975. Dharmendra, wanda muke kira Sarkin Ƙarfi, shi ne mai barkwanci da hayaniya, har kan tankin ruwa ya hau yana ihu don a ba shi yarinyar da yake so. Amitabh Bachchan kuma ga shi can gefe, magana ɗaya biyu. Wadda yake so mijinta ya rasu, kullum cikin fararen kaya. Da dare tana bi tana kashe fitilu a saman bene, shi yana zaune ƙasa yana busa ɗan abin kiɗan nan na baki. Da ƙyar suka yi wata doguwar magana a fim ɗin gaba ɗaya. Amma ku tambayi duk sa'ana wace soyayya ce ta fi taɓa shi a cikin biyun.

Uwar Biyu: Kawu, a gafarce ni, amma ba irin wannan miskilin 'yan matanmu suke bi yanzu ba. Ku buɗe littattafan da ake turawa a WhatsApp da Wattpad. Jarumin ɗan mai kuɗi ne, ko likita ko babban soja, ba ya dariya, a gaishe shi ya ɗaga kai kawai. Yarinyar kuma 'yar talakawa ce, ya yi ta wulaƙanta ta har tsakiyar littafi, sannan a ce ashe duk so ne. Masu dogon zango a YouTube sun kwashi wannan sun zuba a fim. Ni tambayata ɗaya ce: a ƙwace motar da gidan, a mayar da shi mai faci a bakin titi da wannan halin, wace yarinya ce za ta ce ya burge ta? Za a ce mutumin nan ba shi da fara'a, a wuce. Kuɗin ake so, miskilancin ado ne aka ɗora.

Ɗan Fagge: Anti, ai wanda Kawu ya kawo ɓarawo ne a fim ɗin, ko sisi ba shi da shi, kuma an so shi.

Uwar Biyu: An so shi ne don ya mutu saboda abokinsa, ƙanena. Aikinsa ne ya sa shirunsa ya yi daraja.

'Yar Damagaram: Ni dai ku bar ni da masu magana. Ban ga laifin surutu a fim ba in mai yin sa ya iya. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya rasu tun 2014, har yau a nan Zinder yara suna maimaita maganganunsa. Samanja fa? Bakinsa ne jarinsa. Kuma ku maza kuna mance yadda muke kallo. Mace tana yanka alayyafo, tana duba tukunya, tana goyon yaro, waya na jingine a jikin bango. Da kunne take bin labarin. In jarumi ya yi minti biyu yana kallon taga, ita fim ya tsaya mata. Bahaushe mutumin rediyo ne tun fil azal, kuma daɗin zance abu ne da muke alfahari da shi. Don me za a ce sai mun koyi shirun wasu kafin fim ɗinmu ya zama fim?

Mai Editin na Zoo Road: Bari in sa baki, tunda sana'ata ce. Hajiya ta taɓo asalin abin. Turmin Danya da ake ƙirga shi a matsayin farkon finafinan bidiyo na Hausa ya fito a 1990 daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano. Mutanen daɓe ne da rediyo da talabijin, inda magana ce komai, kuma an daɗe ana ba ɗan wasa gundarin fitowa kawai ya ƙarasa da bakinsa. Sannan shiru tsada ne da shi. Kafin fuska ta yi magana sai an matso da kyamara, an gyara haske, an sake ɗauka sau da yawa, kuma sauti ya fita tas. A lokeshin janareta na ruri, babur na wucewa, makwabta na daka. Da ɗan wasa ya rufe baki duk wannan ake ji, dole mu lulluɓe wurin da kiɗa. Furodusa kuma yana bin kashi ɗaya duk mako. Mutum biyu a kan kujerar falo suna musayar magana sun fi komai sauƙin cika minti arba'in.

Ɗan Fagge: To ka ga ke nan ba zaɓin mai kallo ba ne, rashin kuɗi da gaggawa ne. Har masu fassara finafinan Indiya, inda darakta ya bar wurin shiru da gangan, sai ka ji an cusa barkwanci a bakin jarumin da bai buɗe baki ba.

'Yar Damagaram: Kuma mutane suna saye suna dariya, yayana. Wannan ma zaɓi ne.

Malamin Islamiyya: Ina so mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Shi ne kuma ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne. A Suratu Luƙman, aya ta 18, an hana kawar da fuska daga mutane don girman kai. Saboda haka mai ƙarancin magana da sakin fuska abin yabo ne. Wanda ake yi wa sallama ya share, ko a fim ne bai kamata a nuna shi a matsayin gwarzo ba, don yara suna kwaikwayo. Ina ganinsu a aji, yaro ya ɗaure fuska wai shi mai aji ne.

Goggo daga Yola: 'Ya'yana, akwai shirun da ku duka ba ku ambata ba, kuma shi na fi so in gani a fim. Mu da muka tashi cikin fulako, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ya dawo daga tafiya mai nisa, ba za ta rungume shi ba, sai dai ka ga ta tashi da kanta ta dama masa fura, ta tura ƙanwarsa ta kai. Duk gidan sun san abin da hakan yake nufi. Wannan namu ne, ba aro ba ne daga Indiya ko Koriya, amma ban cika ganin an ɗauke shi yadda yake ba. Sai a sa uwa tana kuka tana jawabi. Kuma ku lura, in namiji ya yi shiru a fim sai a ce kwarjini, in mace ce sai a ce girman kai, a ƙarshe a nemo hanyar da za a karya ta.

Kawu na Gwammaja: Hajiya, wallahi kin tuna min da mahaifiyata.

Uwar Biyu: Goggo, irin wannan ko ni zan zauna in kalla. Abin da nake ƙi daban ne. A fim kyamara tana bin miskili har ɗaki, ta nuna mana yana duba hoton yarinyar, mu mun san yana son ta. Matar da ta auri irinsa a gaske ba mai nuna mata wannan. Ina da ƙawa da take cikin haka, miji ba ya zagi ba ya duka, amma ta yi kwalliya ta yi girki ba uffan, yaro ba lafiya ta faɗa masa ya ce to. In ta kai ƙara gida a ce mata ai halinsa ne, ki yi haƙuri. Mai Editin, ka kai wa marubutanku saƙona: kada su riƙa tsayar da labarin a ranar ɗaurin aure. Su ci gaba da shi zuwa shekara biyar a gidan, su nuna mana ita ma.